Shin alƙaluman tankokin yaƙi da ke cikin gem gaskiya ne?

"Assalamu alaikum Malam. Na jima ina buga War Thunder da World of Tanks, kuma kullum sai an yi musu. Wani ya ce an rage wa Tiger ta Jamus ƙarfi, wani ya ce an yi wa T-34 ta Sobiyat ƙari saboda masu gem ɗin daga can ɓangaren suka fito. Ni kuma da na duba Tiger ɗin a gem biyun sai na ga ba ɗaya ba ce. Don Allah lambobin nan da ake rubutawa, kaurin sulke da gudu da ƙarfin igwa, daga tarihi aka ɗauko su ko shaci-faɗi ne? Kuma in mutum ya haddace su, za a iya cewa ya san tankokin?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambaya biyu ka haɗa a wuri ɗaya: ko lambobin suna da asali, da kuma ko sun isa su nuna maka yadda tankar take. Ta farko, e, yawancinsu suna da asali, musamman na tankokin Yaƙin Duniya na Biyu. Ta biyu kuwa a'a. Musun da kake gani yana tasowa ne saboda tanka ɗaya tana iya samun lamba uku ko huɗu a kan abu guda, kowacce rubuce a takardar hukuma, kowacce gaskiya ce a wata masana'anta ko wani wata ko wani filin gwaji. Mai gem dole ya ɗauki ɗaya ya bar saura. Ni aikina a wannan fanni bin takardu ne, littattafan horon sojoji da rahotannin gwaji da aka saki, ina kwatanta su da abin da ke kan katin gem. Da idon mai karatu zan amsa maka, don wanda ya zauna cikin tanka yana da nasa bayanin daban.

Gem biyun ba abu ɗaya suke nema ba

World of Tanks, wanda kamfanin Wargaming ya fitar a 2010, bai ɓoye cewa wasa yake yi ba. Kowace tanka tana da ma'aunin rai da ke raguwa in an harbe ta, abin da babu shi a duniya, don tankar gaske ko harsashi ya huda ya yi ɓarna, ko bai huda ba. Akwai kuma ƙuri'a da kwamfuta ke jefawa a kan harbi, tana ƙara ko rage ɓarnar har kashi 25 cikin ɗari, sannan ba ka iya gano abokin gaba da kanka in ya wuce mita 445. Tiger ta farko da ka gani a can tana iya ɗaukar doguwar igwar milimita 88 ta Tiger II, alhali duk Tiger I da ta je fagen fama guntuwar igwar KwK 36 ta ɗauka. An yi haka ne don a gem ɗin tana karo da tankokin da suka fi ta sabunta, ba da Sherman ta Amurka da T-34 na 1943 ba. Har ma akwai wadda aka ƙirƙira gaba ɗaya, Waffenträger auf E 100, da suka cire a 2016.

War Thunder na kamfanin Gaijin, wanda ya shigo da tankoki a 2014, ya fi kusa da takarda. Babu ma'aunin rai. Harsashi yana shiga, ɓaraguzansa su watsu, su kashe direba ko su fasa inji ko su tayar da rumbun harsasai. Amma su ma sun faɗa da bakinsu cewa saurin ɗura harsashi abu ne da suke taɓawa don daidaita wasa, kuma lambar matsayin da ke haɗa tankoki a fage ɗaya tana bin yadda 'yan wasa ke cin nasara da su ne, ba shekarar da aka ƙera su ba. A 2019 sun janye tankokin Jamus biyu, Panther II da Tiger II mai igwar milimita 105 daga jerin da ake buɗewa, saboda ba a taɓa ƙera su yadda aka nuna ba. Panther II gangar jiki ɗaya tak aka yi mata, ba a gama hasumiyarta ba, wato ɓangaren sama mai juyawa da ke ɗauke da igwa.

Abin da ake iya aunawa

Kaurin sulke da nauyi da faɗin bakin igwa su ne mafi sauƙi, don tankokin suna nan a gidajen tarihi. Tiger mai lamba 131 da Birtaniya ta kama a Tunisiya a watan Afrilun 1943 tana Bovington a Ingila, har yanzu ana tayar da injinta. Maus mai tan 188 tana Kubinka kusa da Mosko. Kowa na iya zuwa da na'urar auna kaurin ƙarfe ya duba. Shi ya sa in kati ya ce gaban Tiger milimita 100 ne, gefenta na sama 80, ko ya ce farantin gaban Panther 80 ne a karkace digiri 55, ka yarda. Lissafin karkata ma ba wuya: 80 ɗin nan na Panther, harsashin da ya zo a miƙe zai ratsa kusan milimita 140 na ƙarfe, kuma 45 na T-34 a digiri 60 ya zama 90. Ko dabarar da 'yan gem ke yi ta karkata Tiger don ta ba abokin gaba kusurwa tana da asali, littafin horon ma'aikatanta na 1943 ya koyar da ita, yana kwatanta wuraren da fuskar agogo.

Sai dai tun daga nan ake fara rabuwa. Sunan "Sherman" ya rufe tankoki kusan 49,000 da ba iri ɗaya ba. Na farko suna da farantin gaba na milimita 51 a digiri 56, na baya 63 da ɗoriya a digiri 47. Wasu an yi musu jiki da walda, wasu zubi aka yi, kuma ƙarfen zubi kaurinsa yana sauyawa daga wannan taku zuwa wancan. Injinansu ma kala-kala ne: akwai na jirgin sama, akwai dizal biyu a haɗe, akwai na Ford, akwai wanda Chrysler ya haɗa injinan mota biyar suka zama silinda 30. Haka T-34: ta masana'anta mai lamba 183 da aka kwashe daga Kharkiv zuwa Nizhny Tagil, da ta Stalingrad, da ta mai lamba 112 a Gorky, ba su zama ɗaya ba. In ka tsaya kusa da T-34 ta tsakiyar yaƙi ka shafa bakin farantinta, za ka ji kaushin yankan wuta da ba a goge ba, ka ga waldar ta taru kumbure a wani wuri ta sirance a wani. Wannan tankar da wadda aka ƙera bayan yaƙi cikin natsuwa, lamba ɗaya gem zai ba su.

Ingancin ƙarfen kuwa shi ne abin da kati ba ya iya ɗauka. A ƙarshen yaƙi Jamus ta yi ƙarancin sinadarin molibdenom da ake haɗawa don sulke ya yi juriya, sai aka samu farantai masu tsagewa ko da harsashi bai huda ba. Gwajin da Sobiyat ta yi wa Tiger II a Kubinka a 1944 ya nuna haka. A watan Agustan shekarar, Amurkawa da Birtaniyawa sun jera Panther uku a Isigny ta Faransa suna harbi, suka tarar farantan ba ingancinsu ɗaya ba, duk da kaurinsu ɗaya. Shi kuma sulken T-34 an yi shi da tauri ƙwarai, abin da ke da kyau a kan ƙananan harsasai, amma in babban harsashi na milimita 75 ko 88, wanda faɗinsa ya fi kaurin farantin, ya daki 45 ɗin nan, karkatar ba ta yin amfanin da lissafi ya nuna, kuma ƙarfen yana ɓantalewa ta ciki ya raunata mutane.

Inda gizo ke saƙa: ƙarfin huda

A nan aka fi zubar da yawu, kuma a nan ne mutane biyu za su iya zama da gaskiya a lokaci ɗaya. Babu wata lamba guda da ake kira ƙarfin hudar igwa. Akwai sakamakon gwaji ne, kuma kowace ƙasa da tata ƙa'ida. Jamusawa suna harbi ne a kan farantin da aka karkata digiri 30, don haka in ka ga an rubuta cewa igwar Tiger tana huda milimita 120 a mita 100, ko kusan 100 a kilomita ɗaya, a karkacen ake nufi. Igwar Panther, duk da bakinta 75 ne, ta fi ta: 138 a mita 100, saboda saurin harsashinta ya haura mita 900 a daƙiƙa, na Tiger kuwa 773. Wasu ƙasashen suna bayar da lambar farantin da ke tsaye cak, wadda dole ta fi girma. Sannan me ake kira huda? A wani wuri sai yawancin harsashin ya wuce bayan farantin, a wani wuri in haske ya ɓullo ta ramin ya wadatar. Amurkawa suna ɗaukar kaurin da rabin harbi ke hudawa, 'yan Sobiyat suna neman kusan kashi 80. Farantin gwajin ma taurinsa ya bambanta.

Abin da na fi cin karo da shi a musun 'yan gem shi ne hoton wani jadawali da aka yanko daga tsohon rahoto, lambobi a jere, amma an datse layin sama inda aka rubuta kusurwar farantin da ƙananan haruffa. Mai hoton yana rantsuwa an cuci tankarsa, alhali yana kwatanta lambar digiri 30 ne da ta farantin tsaye. Duk lokacin da aka turo mini irin wannan, shafin gaba ɗaya nake nema tukuna, da shafin da ke gabansa.

Saboda wannan ruɗanin ne War Thunder ya sauya hanya a 2019. Maimakon kwaso lambobi daga takardun ƙasashe daban-daban, sai suka koma lissafa kowane harsashi da ƙa'ida ɗaya: ta de Marre, wadda aka samo daga Faransa tun ƙarni na 19, ga tsofaffin harsasai, da ta Lanz da Odermatt ga harsasan zamani masu kama da dogayen kibiyoyi. Kana ba ta nauyi da faɗi da sauri, ta ba ka amsa. A ganina wannan adalci ne ta fuskar wasa, tunda kowa da mudu ɗaya aka auna shi. Amma ya jawo yanzu lambar da ke kati ba lallai ta dace da ta kowace takardar tarihi ba, kuma lissafin bai san harsashin da aka ƙera da ƙarfe mara kyau ba, wanda ke tarwatsewa in ya daki sulke mai tauri.

Ga kuma batun samuwa. Harsashin tungsten na igwar 76 ta Amurka yana da ƙarfi, amma ƙalilan ne ke isa hannun ma'aikatan Sherman. Jamus ma ta daina wadata tankokinta da irinsa tun tsakiyar yaƙi don tana buƙatar tungsten a masana'antu. Na Birtaniya da ke cikin igwar Firefly, wato Sherman da suka ɗora wa tasu igwar, yana huda sosai amma ya sha kuskure wurin da aka saita, gwajin Isigny ɗin nan ya nuna haka. A gem kana cika tankarka da su son ranka.

Inji da gudu

Lambar gudu kamar wadda ke ƙarshen agogon gudun mota ce, tana nan a rubuce amma ba da ita ake tafiya ba. Tiger guda 250 na farko suna da injin Maybach mai ƙarfin doki 650, na baya 700. A ƙarshen 1943 aka rage wa injin juyawa daga 3,000 zuwa 2,500 a minti don ya daina lalacewa, sai gudun ƙoli ya sauko daga kilomita 45 a awa zuwa 38. To wanne ne gudun Tiger? Duka biyun. Kuma abin bai tsaya nan ba, don a Panther juyawar hasumiya daga inji take samun ƙarfi, in direba bai taka ba, mai saiti zai jira. Gem yakan ba da lamba ɗaya. Shi dai injin nan mai ƙarfin doki 700 ne aka ɗora wa Panther mai tan 45 da Tiger II mai kusan tan 70.

Abin da ba ya shiga kati

Wannan ne ya sa na ce haddace lambobi bai isa ba. A Kursk, a watan Yulin 1943, Jamus ta kai Panther 200, cikin 'yan kwanaki masu iya tafiya suka koma kusan 40, da yawa ba harbi ne ya tsayar da su ba. Sojojin Faransa da suka yi amfani da Panther bayan yaƙi sun rubuta a 1947 cewa giyar ƙarshe da ke juya sarƙarta tana yin kusan kilomita 150 ne ta lalace, kuma mai saitinta ba shi da madubin hangen fili sai na saiti kawai, don haka yakan ɗauki lokaci kafin ya gano abin da kwamanda ya nuna masa. T-34 da aka aika Amurka a 1942 aka gwada a Aberdeen, injinta ya mutu bayan kilomita 343 saboda matatar iska tana barin ƙura. T-34 ta farko mutum biyu ne a hasumiyarta, kwamanda shi ne mai saiti, wato in yana harbi ba mai duba fili, kuma da yawa ba su da rediyo. Sai T-34-85 ta 1944 ta zo da mutum uku. IS-2 da igwarta ta milimita 122 harsasai 28 kawai take ɗauka, kowanne kashi biyu ake ɗura shi, harbi biyu zuwa uku a minti.

A gem kai ne kwamanda, kai ne direba, kai ne mai saiti, kana kallon tankarka daga sama ta baya, sarƙa in ta tsinke daƙiƙoƙi kaɗan ta gyaru. Saboda haka duk tankar da ƙarfinta yake wajen sauƙin gyara da ganin waje da jin daɗin ma'aikata, irin Sherman, sai ta fito ƙasa da yadda take, wadda kuma ƙarfinta yake a sulke da igwa sai ta fito sama. Ƙari a kan haka, tanka da tanka ba shi ne yawancin aikin ba. Harsasan fashewa da ake harba wa sojan ƙasa da gine-gine su suka fi yawa, kuma binciken da Amurka ta yi bayan yaƙi ya nuna kusan ɗaya cikin biyar na tankokin ƙawance da aka rasa nakiya ce ta ci su. Ban ga laifin masu gem a nan ba. Wa zai zauna ya buga wasan da tankarsa za ta mutu a hanya kafin ta isa fage?

Tankokin zamani

Duk abin da na faɗa a sama game da aunawa ya tsaya a tankokin da sulkensu ƙarfe ne zalla. Daga lokacin da aka shigo da sulke mai hawa-hawa, irin Chobham na Birtaniya, ko wanda Amurka ta saka wa yuraniyom a Abrams daga 1988, abin da ke cikin akwatin sirrin ƙasa ne. Lambar kariyar da ka gani a katin Abrams ko Challenger 2 ta Birtaniya ko Leopard 2 ta Jamus na baya-bayan nan kintace ne, an gina shi a kan hotuna da tallan kamfanoni da 'yan takardun da suka fito, kamar na gwajin da Suwidin ta yi wa Leopard 2 da Abrams da Leclerc ta Faransa kafin ta zaɓi Leopard a 1994. Abubuwan da ake gani da ido dai sun tabbata: T-72 tana da injin ɗura harsashi mai ɗaukar 22 a ƙarƙashin hasumiya, kuma da baya kusan kilomita 4 a awa take yi, Leopard 2 kuwa kusan 30.

Zafin musun nan ya kai wasu ga wauta. A Yulin 2021 wani ya wallafa shafukan littafin Challenger 2 da ba a saki ba don ya nuna an yi kuskure a sulken da ke kewaye da igwa. A Oktoban shekarar wani ya yi haka da na Leclerc a kan saurin juyawar hasumiya, a 2022 kuma aka fitar da na wani harsashin ƙasar Sin. Kamfanin yana goge su kuma ya ce ba zai yi aiki da su ba, don doka ba ta bari. Wato ko da wanda ya san gaskiyar lambar yana cikin 'yan wasan, ba ta da hanyar shiga gem.

Maganar son kai da yadda za ka duba da kanka

Zargin cewa ana fifita tankokin Rasha ya daɗe, kuma ban raina shi ba, don wanda ke zaɓar takarda mutum ne. Amma yawancin abin da ake gani yana da bayani mafi sauƙi. Tankokin Sobiyat ƙanana ne, gajeru, masu sulke a karkace da manyan igwoyi, abubuwan da gem ke sakawa. Abin da suka biya don samun haka, matsi a ciki da ƙarancin gani da gajiyar ma'aikata, gem ba ya caji. Masu son tankokin Jamus ma suna cin irin wannan ribar, tunda Panther ɗinsu ba ta taɓa karya giya. Inda nake ganin ƙorafin yana da ƙarfi shi ne tankokin zamani, inda ake yarda da tallan wani kamfani a ƙi na wani, ba kuma mai iya tabbatarwa.

In lamba ta ba ka shakka, fara da tantance wace tanka ce takamaimai, wane samfuri, wace shekara, don "Tiger" ko "Sherman" kawai ba amsa ba ce. Sai ka nemi inda lambar ta fito. Littafin horo na sojojin da suka yi amfani da tankar, ko zanen masana'anta, ko rahoton gwaji, sun fi littafin da ya kwafo daga wani littafin, kuma kuskure ɗaya yana iya yawo shekara hamsin ta haka. Masu War Thunder ma haka suke karɓar gyara: takardar asali ɗaya, ko majiyoyi biyu masu zaman kansu. Ka yi hattara da rahoton leƙen asiri na lokacin yaƙi, don abin da abokin gaba ya kintata ne, ba abin da maƙera suka auna ba. In kuma lambar huda ce, ka nemi nisa da kusurwa da irin harsashi da ƙasar da ta yi gwajin. Ɗauki 120 ɗin nan na Tiger ka gwada: a katin War Thunder za ka ga lambar da ta fi haka a layin farantin tsaye, ka gangara layin digiri 30 a mita 100 ka kwatanta da shi.